Ƙwayar Cutar Burusela da Matsalar Haihuwa a Karnukan Kiwo

Gabatarwa

Duk mai kiwon karnuka domin su hayayyafa, ko na farauta ne ko na gadi, babu abin da ya fi sosa masa rai kamar a yi wa karya barbara amma ciki ya ƙi tsayawa. Galibi akan ɗora laifin a kan karyar, a ce juya ce. Sai dai sau da yawa ƙwayar cuta ce ta bakteriya ke yin ɓarnar a ɓoye, kuma mai yiwuwa namijin ne ke ɗauke da ita. Wannan maƙala za ta dubi mafi haɗari daga cikinsu, wato ƙwayar da masana ke kira Brucella canis.

Asalinta

Sunan wannan dangi na ƙwayoyin cuta ya samo asali ne daga David Bruce, likitan sojan Birtaniya da ya gano ta farko a tsibirin Malta a shekarar 1887. 'Yar uwarta ce ke jawo ɓari a shanu, cutar da Fulani makiyaya suka sani da sunan bakkale. Amma irin da ta keɓanta da karnuka ba a gano ta ba sai a shekarar 1966, lokacin da Leland Carmichael na Jami'ar Cornell a Amurka ya binciki yawan ɓarin da ya addabi wasu gidajen kiwon karnuka.

Yadda take yaɗuwa da alamominta

Ƙwayar takan bi ta barbara, amma ba ita kaɗai ce hanya ba. Ruwan da ke fita daga karya bayan ɓari, da mabiyiya, da ɗan tayin da ya faɗi, duk cike suke da ita. Kare da ya lasa ko ya shinshina yana iya kamuwa. Namiji kuwa yakan fitar da ita cikin maniyyi da fitsari.

Cikin karya yakan ɗauki kimanin kwana 63. Wadda ta kamu takan yi ɓari ne tsakanin kwana 45 zuwa 55, daga nan ruwa ya yi ta zubo mata na tsawon makonni. Wani lokaci kuma ɗan tayin yakan mutu tun da wuri, jiki ya shanye shi, mai karyar ya zaci barbarar ce ba ta kama ba. Idan ma ta haihu, kwiyakwiyan kan zo a raunane su mutu cikin 'yan kwanaki. A namiji, maraina kan kumbura da farko, daga baya su ƙanƙance, maniyyi ya lalace. Abin lura shi ne, kare mai cutar ba kasafai yake zazzaɓi ba: yana ci, yana gudu, yana haushi kamar lafiyayye. Ta haka ne namiji guda da ake aro daga gida zuwa gida kan shafa wa karnukan unguwa baki ɗaya.

Magani da rigakafi

Wahalar maganinta ita ce, ƙwayar takan shige cikin ƙwayoyin jikin kare ta fake, inda magani ba ya isa gare ta sosai. Ko an ba da magunguna na makonni, takan lafa ne ta sake dawowa. Haka nan babu allurar rigakafinta. Don haka likitocin dabbobi kan ba da shawarar a daina sa kare mai cutar cikin kiwo, a fiɗiye shi, a kuma ware shi daga sauran. Sabon kare kuwa a killace shi, a gwada jininsa, a maimaita gwajin bayan wasu makonni, domin gwaji guda kan iya kuskure cutar da ba ta daɗe da shiga ba.

Mutum ma yana iya kamuwa, musamman mai taɓa abin ɓari da hannu tsirara. Alamominta a mutum sun haɗa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, waɗanda ake iya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Kammalawa

Ƙoshin jikin kare ba shaidar lafiyarsa ba ce. Kafin a haɗa kare da karya, wajibi ne a gwada jinin dukkansu biyu, domin a nan kam rigakafi ya fi magani nesa ba kusa ba.