Ciwon Kwamfutar Tebur: Madabod, Direba da BIOS a Ƙasar Zafi

Kwamfutar tebur da ake samu a shagon buga takardu ko a ɗakin karatun makaranta a Tambuwal, Kebbe ko Fakku, galibi ba sabuwa ba ce. Ta yi aiki shekaru a wani ofishi a Turai ko Amurka, ta sauka Legas, ta biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kafin ta iso kudancin Sakkwato. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, waɗannan injina sun zama abin da ɗalibi ke koyon hannu a kai. Idan ɗaya ta fara mutuwa tana tashi, abin da aka fi ji shi ne a goge ta a sake loda mata Windows. Sau da yawa ba nan ciwon yake ba.

Babban allon da ke cikin akwatin, wato madabod, shi ne mahaɗar komai: furosesa, RAM, faifan ajiya, da ramukan da ake soka waya. A kansa akwai wani ɗan guntu mai ɗauke da manhajar da ake kira BIOS, ko UEFI a sababbin injina. Ita ce ke fara farkawa idan an danna makunni, ta duba kayan ciki, sannan ta miƙa wa Windows ragama. A cikin Windows kuma kowane sashe yana da direbansa, ƙaramar manhajar da ke isar da umarni zuwa katin sauti, katin hoto ko na intanet. Hawa uku ke nan, kuma mai gyara na ƙwarai daga ƙasa yake farawa.

A ƙasarmu, ƙasan shi ne zafi, ƙura da wuta. A watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kuma furosesa na rage gudunta da kanta, ko ta kashe injin, idan ta doshi digiri 100. Ƙurar hunturu da ta daskare a fanka, da man sanyaya da ya bushe tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe mata zafi, sun isa su sa inji ya riƙa ɗaukewa da rana tsaka alhali da asuba lafiya lau yake. Wannan alama kaɗai ta isa shaida. A busa ƙurar, a sake man, a zare RAM a goge a mayar, kafin a taɓa wata manhaja.

Sai batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin volt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS idan babu wuta. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna kukan rashin tsaro, mai shago ya ɗauka cuta ce ta shiga. Batiri ɗaya ya kashe maganar.

Matsalar direba tana da sauƙin ganewa: sauti ya ɓace, hoto ya yi ƙato, ko intanet ta ƙi kamawa bayan an sake loda Windows. A cikin Device Manager za a ga alamar rawaya kusa da sashen. Kowane sashe yana da lambar shaida; wadda ke ɗauke da VEN_8086 ta Intel ce, VEN_10EC kuma ta Realtek. Da wannan lamba, ko da lambar da Dell ke liƙawa a jikin akwati, ana samo direban asali daga shafin kamfanin. Ina ƙin tarin direbobin nan da ake yawo da su a filashi daga shago zuwa shago, domin suna dasa abin da bai dace da injin ba, kuma filashin kansa yakan zo da cuta. A fara da direban cifset na madabod, sauran su biyo baya.

Sabunta BIOS shi ne wurin da ya kamata hannu ya yi sanyi. Aikin mintoci kaɗan ne, amma a cikinsu ana goge abin da ke cikin guntun ana rubuta sabo. Idan aka ɗauke wuta a tsakani, ko janareta ya shaƙe, injin na iya ƙin tashi kwata-kwata. Wasu allunan Gigabyte suna da guntu biyu, wasu na ASUS kuma ana iya farfaɗo da su da filashi ko ba a kunna allo ba. Wanda ba shi da wannan gata sai an kai shi wurin mai na'urar rubuta guntu, kuma daga Fakku wannan tafiya ce ta Sakkwato ko Birnin Kebbi. Saboda haka kada a fara sai an jona injin da UPS ko inbata mai cikakken caji, an kuma tabbatar fayil ɗin na wannan samfurin ne daidai, ba na ɗan'uwansa ba. Inji mai aiki lafiya a bar shi, sai da dalili.

Dalilin kuwa yana zuwa. Allunan B450 ba su karɓi furosesar Ryzen 5000 ba sai da aka sabunta musu BIOS. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesocinta na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman wutar da ta wuce ƙima har suna lalacewa a hankali. Maganin ya fito ta sabunta BIOS, kamfanin ya ƙara shekara biyu a garanti, amma wadda ta riga ta illata ba ta warkewa. Haka nan da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da dama sun gano cewa TPM 2.0 da Windows 11 ke nema yana nan a injinsu, a kashe cikin BIOS.

Tilasta wa furosesa gudu fiye da wanda aka gina ta a kai sana'ar masu wasannin kwamfuta ce. Ƙarin gudu na son ƙarin wuta, ƙarin wuta na haifar da zafi, ga shi iskar da fanka ke ja a bazara da ma mai zafi ce. Injinan ofis irin su Dell OptiPlex a kulle suke ta wannan fanni, kuma a wajen Intel furosesa mai harafin K ce aka buɗe wa ƙofar. Inda abin ke shigo mana shi ne injin da aka harhaɗa, wanda mai shi na farko ya ɗaga masa gudu, ko ya kunna XMP don RAM ta ƙara sauri. Yana iya jurewa a ɗaki mai sanyi, a nan kuwa sai shuɗin allo da daskarewa. A shiga BIOS a mayar da saitin masana'anta. Idan injin ya ƙi nuna komai, a cire wayar wuta, a zare batirin na ɗan lokaci, a mayar, a kunna, sannan a gyara agogo.