Zaɓen Na'urar Tace Iskar Ɗaki Mai Ƙarko Domin Wari da Alaji

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu da ke kaɗawa daga arewa maso gabas tana kwaso ƙurar Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda masana ke lissafawa cikin manyan wuraren da ƙura ke tashi a duniya, ta baza ta a kan garuruwa irin su Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano. A wannan lokaci masu asma da masu alaji, wato waɗanda garkuwar jikinsu ke yaƙar abin da ba ya cutar da sauran mutane, sukan sha fama da atishawa da toshewar hanci da ƙaiƙayin ido da sarƙewar numfashi. Saboda haka magidanta da dama suka fara tunanin sayen na'urar tace iska, sai dai kuɗinta ba kaɗan ba ne, kuma wadda aka saya ba da sani ba takan koma kayan ado tun kafin hunturu na biyu ya zagayo.

Duk da yawan maɓallai da fitilun da ake ƙawata ta da su, na'urar ba ta wuce abu biyu ba, fanka da ke zuƙo iskar ɗaki da mataci, wanda 'yan kasuwa ke kira filta, da iskar ke ratsawa kafin ta fito. Abin da ya kamata mai saye ya fara ganewa shi ne, abubuwan da ke ɓata iska iri biyu ne, kuma kowanne da matacinsa. Na farko shi ne ɓarɓashi, kamar ƙura da hayaƙi da garin furanni da ƙwayoyin fumfuna da ɓurɓushin fatar kyanwa, waɗanda su ne ke tayar da alaji. Mafi hatsari a cikinsu su ne waɗanda ake kira PM2.5, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikiron 2.5 ba, kusan kashi ɗaya cikin talatin na kaurin silin gashi, domin suna kutsawa har can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin yawansu a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska.

Matacin da ke kama irin wannan ɓarɓashi shi ne HEPA, wanda aka ɓullo da shi a shekarun 1940, aka kuma yi amfani da shi a aikin ƙera makamin nukiliya na Amurka domin tare ƙura mai guba. Takarda ce ta siraran zaruruwa da aka nannaɗe ta ninki-ninki, kuma a ma'aunin Amurka ba ta cancanci wannan suna ba sai ta kama kashi 99.97 cikin ɗari na ɓarɓashi mai faɗin maikiron 0.3, yayin da a ma'aunin Turai ajin H13 ke kama kashi 99.95 na girman da ya fi wuyar kamawa. Ya dace a yi hattara da kwalin da aka rubuta masa cewa matacinsa “mai kama da HEPA” ne, domin wannan lafazi ba ya ɗauke da wani alkawari da aka auna.

Iri na biyu shi ne wari, kamar ƙaurin girki da ƙarnin kifi da hamamin makewayi da warin sabon fenti, waɗanda iskar gas ce ba ɓarɓashi ba, kuma sukan ratsa HEPA su wuce abinsu. Maganinsu shi ne gawayin da aka sarrafa, wanda ake yi da ɓawon kwakwa ko itace ko kwal, a gasa shi da zafi mai tsanani har ya cika da ƙananan ramuka, ta yadda faɗin cikin giram ɗaya kan haura murabba'in mita 500. Ƙwayoyin wari suna manne wa bangon waɗannan ramuka, kuma kamar yadda soso ke daina shan ruwa idan ya ƙoshi, haka gawayin ke daina aiki idan ramukansa suka cika, wani lokaci ma ya riƙa sako warin da ya tara. A nan ne ake yawan yaudarar masu saye, domin na'urori masu araha sukan zo da siririn baƙin yadi da aka barbaɗa wa garin gawayi, wanda ke cika cikin 'yan makonni. Wanda wari ne ainihin damuwarsa ya kamata ya sa a buɗe masa na'urar a shago, ya ɗaga matacin ya ji nauyinsa, ya kuma tabbatar da cewa ƙwayoyin gawayi ne cike a ciki.

Ƙarfin na'ura kuwa ana gane shi da ma'aunin CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da take fitarwa a cikin wani lokaci. Lissafinsa ba shi da wuya, domin ɗakin da tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 4, tsayinsa mita 3 yana ɗauke da iska mita kubik 48, kuma tunda ana so a tace iskar ɗakin mai alaji kimanin sau biyar a awa, zai buƙaci na'ura mai CADR na mita kubik 240 a awa. Ana auna wannan adadi ne yayin da fanka ke gudunta na ƙarshe, wanda ƙararsa ke hana barci, don haka hikima ita ce a sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakin a riƙa kunna ta a matsakaicin gudu, abin da ke rage ƙara ya kuma sassauta wa injin.

Batun ƙarko shi ne inda aka fi tafka asara, domin jikin na'ura da injinta na iya shekaru masu yawa, amma mataci abu ne mai ƙarewa. Kamfanoni kan ce a canza HEPA bayan wata shida zuwa shekara, gawayi kuma bayan wata uku zuwa shida, sai dai inda hazo ke sauka wata da watanni toshewar takan zo da wuri. Saboda haka tambayar farko da ta kamata a yi wa mai shago ita ce ko yana sayar da matacin canji na wannan samfuri, nawa ne kuɗinsa, kuma ko akwai wasu shagunan da ke da shi. Na'ura mai tsada da aka shigo da ita cikin kayan gwanjo, wadda babu matacinta a kasuwa, ranar da ta toshe ta gama aiki, alhali mai matsakaicin kuɗi da ake samun matacinta a ko'ina za ta daɗe tana amfani. Idan akwai hali, ya fi kyau a sayi matacin ajiya tun ranar farko a bar shi cikin ledarsa. Yana da muhimmanci kuma na'urar ta kasance da ragar gaba da ake cirewa a wanke, wadda ke tare manyan ƙura da gashi, domin wanke ta duk mako biyu a lokacin hunturu yana tsawaita kwanan HEPA. Shi kansa HEPA ba a wanke shi, sai fa wanda kamfani ya bayyana cewa ana wankewa, domin ruwa yana lalata tsarin zaruruwansa.

Wutar lantarki ma tana kashe na'urori da yawa. Wadda aka ƙera domin kasuwar Amurka tana aiki da bolt 120, alhali wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kuma jona ta kai tsaye yana iya ƙone ta nan take. Inda wuta ke hawa da sauka ya kamata a haɗa ta da sitabilaiza, kuma na'ura mai sauƙin maɓallai ta fi jure wannan hali fiye da mai cike da kayan kwamfuta. Abin farin ciki shi ne yawancin na ɗakin kwana ba su cin wuta fiye da fanka, don haka ƙaramar sola na iya riƙe su har asuba.

Akwai nau'in da ya wajaba a guje masa, wato wanda ke fitar da iskar ozon da sunan kashe wari, domin ozon na ƙona hanyoyin numfashi yana kuma tayar da asma, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta hana sayar da na'urar gida da ke fitar da fiye da kashi 0.05 cikin miliyan. Idan na'ura tana da maɓallin ayon, wanda shi ma kan haifar da ɗan ozon, gara a bar shi a kashe.

Haka kuma na'urar tana da iyaka da bai kamata a manta ba. Ba ta kama kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi ko wari da ke fitowa daga janareta da garwashin da ake jin ɗumi da shi a rufaffen ɗaki, don haka ajiye ta ba ya halatta shigar da ɗayansu cikin gida. Ba ta kuma yin tasiri sosai a kan ƙananan ƙwarin ƙura da ke zaune cikin katifa da matashin kai, saboda kashinsu mai tayar da alaji yana da nauyi yana saurin sauka, kuma maganinsu shi ne wanke zanen gado da ruwa mai zafin digiri 60. A gidan da ake kunna turaren wuta ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin mai asma, rage su ya fi kowace na'ura amfani, na'urar tace iska kuma a ajiye ta kusa da gado, nesa kaɗan da bango, a rufe tagogi yayin da take aiki, ba tare da an dakatar da maganin da likita ya rubuta ba.