Ko Kun Sani?

Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsawo har ya mutu. Na babban ɓera kan ƙaru da fiye da santimita 10 a shekara, shi ya sa ba ya rabuwa da gwaguya. A Amurka da Kanada, inda ake ciro ƙananan jiragen ruwa a lulluɓe su da tamfol a waje lokacin hunturu, wayoyin fitilunsu kan sha cizon ɓera. Ƙaramin ɓera yana kurɗawa ta kafa mai kaurin fensir, wato milimita 6, kuma wayar da ya feɗe tana iya tayar da gobara da zarar an jona batir. Don haka kamfanin Honda ke sayar da salatif mai yajin barkono na naɗe waya don korar ɓera.