Yadda ɗaliban likitanci ke amfani da waya wajen atisayen tambayoyin jarrabawar lasisi

Kammala makarantar likitanci bai isa a ba mutum izinin duba marasa lafiya a ko'ina ba. Wanda zai yi aiki a Amurka sai ya ci USMLE. Birtaniya kuma tana da PLAB, wadda kashinta na farko tambayoyi 180 ne cikin awa 3, wato minti ɗaya ga kowace tambaya. A Najeriya ma, wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar hukumar MDCN. Yanzu ana iya yin shirin waɗannan jarrabawowi a kan waya, da manhajoji irin su UWorld, AMBOSS da Anki.

Tambayoyin ba na "mene ne sunan kaza" ba ne. Labarin mara lafiya ake ba ka. Misali: yaro ɗan shekara 8 mai sikila ya zo da zazzaɓi da ciwo a ƙashin ƙafa, hoto ya nuna ƙashin ya kamu da cuta, wace ƙwayar cuta ce aka fi zargi? Wanda ya yi hadda kawai zai zaɓi Staphylococcus aureus, domin ita ce ta fi kawo ciwon ƙashi a yara gaba ɗaya. Amma kalmar sikila ta sauya lissafin. Saifar mai sikila tana raunana tun yana ƙarami, jini kuma yana toshewa a ƙananan jijiyoyin hanji da ƙashi, sai Salmonella ta samu hanya. Ita ce amsar da ake nema. Ka lura, zaɓin farko ba shirme ba ne, tarko ne aka ɗana wa mai gaggawa.

Shi ya sa abin da ake biyan kuɗi dominsa a UWorld ko AMBOSS shi ne bayanin da ke biyo bayan amsa, inda ake faɗa maka dalilin da ya sa kowane zaɓi ya faɗi. Ɗalibin da ke duba maki ya wuce, a ganina kuɗinsa da datarsa yake zubarwa.

Anki aikinta daban, kuma a matsayina na mai rubuta manhaja ita ta fi burge ni. Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006, bisa tsarin lissafi na SM-2. Kana yin kati mai tambaya a gaba, amsa a baya. In ka tuna amsar, manhajar za ta tsawaita lokacin da katin zai dawo. A tsohon saitinta, katin da ya yi kwana 10 kan koma kusan kwana 25. In ka manta, sai ya dawo kusa. Tun 2023 an saka mata sabon tsari, FSRS, mai nazarin tarihin bitarka don ya yi hasashen lokacin da za ka manta. A Android kyauta ce da sunan AnkiDroid, kuma tana aiki ba intanet. Masu iPhone ne ke biya.

Sai dai kati yana riƙe maka "sikila, Salmonella" ne kawai, ba ya koya maka gano alamar a cikin dogon labari. Hanyar da ta fi ita ce ka amsa tambayoyi da agogo, sannan ka yi kati daga ainihin inda tunaninka ya kauce.

Batun ChatGPT kuwa, wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna ya kusanci makin cin USMLE, kusan kashi 60 cikin ɗari. Hakan na nufin ya faɗi tambayoyi da dama, kuma da amsar daidai da ta kuskure duk da murya ɗaya mai tabbaci yake bayar da su. Ka sa shi ya sauƙaƙa maka bayani in kana so, amma adadin magani ko ƙa'idar jinya, koma littafi ka tabbatar kafin ka mayar da shi kati, domin Anki za ta haddace maka kuskuren da ƙwazon da take haddace gaskiya.