Kirinjijiya da Dinya a Tafkunanmu

Da damina ta kankama, tafkuna da fadamun Batsari da Safana, har bakin dajin Rugu, sukan cika da kukan kirinjijiya, musamman da dare. A ƙasa take sheƙa, cikin ciyawa. Namiji da mace suna karɓa-karɓar kwanci kusan kwana 28, 'ya'yan kuwa da ƙyanƙyashewa sai iyo. Dinya, wadda ta fi duk agwagin ruwan Afirka girma, tana da ƙashi mai tsini a fiffike don faɗa. In rani ya yi, sai su nufi manyan ruwa irin madatsar Zobe.

'Yan'uwa, a ja wa yara kunne: wanda ya kwashe ƙwai bana, ya kashe garken baɗi.