Ko Ka Sani? Injin da Ke Sassaƙa Ƙarfe da Kwamitin da Ke Nema Masa Ma'aikaci

Ko ka san akwai injin da za a ɗaure masa curin ƙarfe, a rufe ƙofa, a danna maɓalli, kafin wani lokaci ya fito da wani sashe na jirgin sama ko na mota, hannun mutum bai taɓa yankan ba? Sunansa CNC. Kwamfuta ke sarrafa shi. Ita ke karanta jerin lambobi, ta gaya wa bakin yankan inda zai nufa, zurfin da zai shiga da saurin da zai yi. In ka leƙa ta gilashin ƙofar, za ka ga bakin yana juyawa sau dubbai a minti guda, wani farin ruwa na ta fesuwa don kada ƙarfen ya ɗau zafi, ɓarɓashi kuma na zuba a nannaɗe. Mai kyau daga cikinsu kuskurensa ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita.

Tushensa Amurka ne. A ƙarshen shekarun 1940 wani mai masana'anta a jihar Michigan, John Parsons, ya fara amfani da katuna masu huji wajen lissafin fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojan sama ta zuba kuɗi, a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin farko mai bin umarnin lambobi.

Sai dai duk ƙwarewar injin CNC, ba ya ɗaura wa kansa ƙarfe. Yana bukatar wanda ya iya karanta zane, ya iya awo, wanda daga jin ƙarar yanka zai gane baki ya dakushe. Masu masana'antu a Amurka sun daɗe suna kukan ƙarancin irin waɗannan ma'aikata. Ga inji mai tsada a tsaye, ga kuma a garin wani magidanci da aka sallama daga aiki yana zaune a gida, kowa bai san da ɗan'uwansa ba.

Haɗa su shi ne aikin kwamitocin bunƙasa ma'aikata na yankuna, waɗanda yawansu ya haura 500 a faɗin ƙasar. Dillanci suke yi, amma ba su karɓar la'ada. Dokar da suke aiki da ita, WIOA, Shugaba Barack Obama ne ya sa mata hannu a Yulin 2014, ta maye gurbin wata ta 1998. Zaɓaɓɓun shugabannin yanki ke naɗa mambobi, kuma dokar ta gindaya sharaɗi: fiye da rabinsu su zama masu ɗaukar ma'aikata, shugaban ma daga cikinsu, sannan aƙalla kashi 20 cikin ɗari wakilan ma'aikata, har da ƙungiyoyin ƙwadago. Ina ganin hikima a nan. Wanda injinsa ke tsaye ya fi kowa sanin sana'ar da ake nema, don haka ba a ɓata kuɗin jama'a wajen koyar da abin da ba shi da kasuwa. Ragowar kujerun kuma su ne ke hana mai kamfani mayar da kwamitin wurin samun ma'aikata masu arha.

Mai neman aiki ba ya zuwa wurin kwamitin kai tsaye. Cibiyar neman aiki yake shiga, irin waɗanda kwamitocin ke kula da su, sama da 2,000 a ƙasar, kuma kyauta ne. Akwai kwamfutoci, akwai jami'in da zai zauna da shi ya duba abin da ya iya, ya gyara masa takardar neman aiki. In ya cancanta, sai a buɗe masa asusun horo, ya zaɓi makaranta daga jerin waɗanda jiha ta amince da su, sau da yawa kwalejin yankin, ya koyi sarrafa injin cikin 'yan watanni. Tsofaffin sojoji da masu ƙaramin ƙarfi ake fara dubawa, domin kuɗin ba ya isar kowa.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce koyo a bakin aiki. Kamfani zai ɗauki mutum tun bai ƙware ba, ya riƙa biyansa albashi, kwamitin ya mayar wa kamfanin rabin albashin na tsawon lokacin koyo, wani sa'in har kashi 75 cikin ɗari. Mai kamfani ya rage fargabar asara, ɗan koyo kuma yana kai cefane gida tun daga makon farko. Haka idan masana'anta za ta rufe, ana tura jami'ai can su gana da ma'aikatan tun kafin ranar sallama.

Su ma kwamitocin ana bin diddiginsu. Ba yawan waɗanda suka shiga aji ake ƙirgawa kawai ba. Ana duba nawa ne ke kan aiki bayan kimanin wata shida da kammalawa, nawa ne bayan shekara, da kuma abin da suke samu. Yankin da ya gaza shekara uku a jere, gwamnan jiha na iya rusa kwamitinsa ya sa a naɗa sabo.