LAMBUN BAYAN GIDA: A GADON RENO AKE SAMU KO A RASA

Duk wanda yake fita ziyarar gida-gida, kamar yadda aikin katikis ya ɗora mana, ya san cewa daga watan Mayu zuwa Yuli kukan iyayenmu mata ba na hatsi kaɗai ba ne, har da na kayan miya. A shekarar 2016, da tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir a Kaduna da Kano, sai da gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A 2024 ma an sake shan irin wannan tsada. Alhali kuwa yawancin gidajenmu akwai ɗan fili a bayan ɗaki wanda ba ya tsinana komai sai tara shara.

Idan na ɗaga wannan magana a taron Zumuntar Mata, amsar da nake samu ɗaya ce: "Malam, mun gwada, bai yi ba." In ka bi diddigi kuwa, sai ka tarar shukar ba ta ma kai lokacin dashe ba, tun a gadon reno ta mutu. Ba na ganin laifinsu, domin ni ma haka na fara.

Na sayi irin tumatir a ƙulle cikin leda a kasuwa, na zuba ɗanyen kashin kaji a kan laka, na watsa irin gaba ɗaya, ina ba shi ruwa safe da rana da yamma. Ya fito cunkus gwanin sha'awa. Kafin mako ya zagayo sai na ga gindin kowane tsiro ya sirance ya yi baƙi, suna kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo cikin ikkilisiyarmu, wanda ya tsufa yana noman fadama, ya zo ya duba, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ƙauna ce ta kashe su." Abin da Baba yake nufi shi ne, akwai ƙwayoyin cuta a cikin ƙasa masu ruɓar da gindin tsiro, kuma ba abin da suke so kamar yawan danshi da cunkoso da rashin iska. Ni kuwa duka ukun na tanadar musu.

To, ga abin da na koya daga bakinsa da kuma gwaji. Da farko a gwada irin kafin a shuka. A ɗauki ƙwaya 10 a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, kada a bari ya bushe. Bayan mako ɗaya a buɗe. In 7 ko 8 sun tsira, irin yana da rai. In 3 ne kawai, kada a ɓata wa kai lokaci. Irin Roma VF da UC82B sanannu ne a ƙasar nan, kuma mutum na iya ɗebe iri daga 'ya'yansu ya ajiye don baɗi. Amma wanda aka rubuta F1 a jikin takardarsa, watau irin da aka yi wa aure, yakan ba da amfani mai kyau a shukar farko, sai dai in ka ɗebi iri daga 'ya'yansa ba lalle su yi kama da uwarsu ba.

Gadon kansa kada faɗinsa ya wuce mita 1, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba, a kuma ɗaga shi sama kamar taƙi ɗaya don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa da yashi da takin da ya riga ya ruɓe ya huce. Manoman fadama sukan tara busasshiyar ciyawa a kan gadon su cinna wuta kafin shuka, zafin yana rage cuta da irin ciyawa. Wanda ba shi da fili, tsohon kwano ko buhu ya isa, muddin an huda ƙasansa.

Kada a watsa irin. A ja layi da yatsa, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin layi da layi, zurfin bai wuce santimita 1 ba, a jera irin sama-sama, a rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa ciyawa a kai. Ruwa kuma da gwangwanin da aka huhhuda, ba a kwara da bokiti ba. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10. Attaruhu da tattasai suna da nawa, sukan kai mako 2 ko 3, kuma a nan ne mutane da yawa suke fid da rai su tone gadon. Da zarar tsiro ya leƙo a janye ciyawar, a yi masa 'yar rumfa ta kara, inda ya yi cunkoso a cire wasu ba tausayi.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ta fi duka. Tumatir yana son sanyin dare. Shi ya sa a yankinmu na Kaduna da Kano ake zuba iri wajen Satumba zuwa Oktoba, ya yi fure cikin hunturu. Wanda ya makara har furensa ya faɗa cikin zafin Maris da Afrilu, zai ga fure yana kaɗewa ba ɗa. Wani ya ce asiri aka yi wa lambunsa, ya zo a yi masa addu'a. Addu'a muna yi, amma zafi ne. Abin da aka girbe a Janairu da Fabrairu kuwa, in an yanka an shanya shi ya zama kauɗa, shi ne zai rufa wa gida asiri lokacin tsada.

Idan tumatir ya kai mako 4 ko 5, yana da ganye 4 zuwa 6, ya isa dashe. Barkono da albasa sai sun kai mako 6 zuwa 8. Mako ɗaya kafin ranar a cire rumfa a rage ruwa, don shukar ta saba da rana. A yi dashen da yamma, a ɗago kowane tsiro da ƙasarsa, a bar kimanin rabin mita tsakanin tushe da tushe. Kuɓewa da karas da kabewa ba sa son dashe, a shuka su inda za su zauna. Kuɓewa a jiƙa irinta ta kwana a ruwa. Alayyahu kuwa a gauraya irinsa da yashi a yafa, cikin wata ɗaya an fara miya. Batun awaki da kaji ba sai na faɗa ba, a yi danga tun kafin a shuka.

Akwai gwauraye da tsofaffi a cikinmu waɗanda ba za su iya wannan lelen na mako biyar ba, amma za su iya ba tushe 20 ruwa. Saboda haka a ikkilisiyarmu muka ware gado biyu a bayan majami'a kusa da rijiya, matasa suna ba da ruwa bi da bi, Baba yana sa ido. Ranar Lahadin da dashe ya isa, bayan an tashi daga sujada, kowace uwa takan zo da kwanonta ta ɗiba. Dattawan da ke son gwada wannan a wurinsu, su sa shi cikin shawarar watan Agusta, domin a sami lokacin tara taki ya ruɓe kafin Satumba.